Shinkafar Mutumin Tawa

Halidu ya ɗaure bakin buhu na goma sha ɗaya, ga kuma sauran tsibin shinkafa a masussuka. Matarsa Hamsatu tana sheƙa tana dariya ita kaɗai.

Fari ne ya koro shi daga Tawa zuwa Harobanda, aka ba shi ɗan fegi a gonakin shinkafa na bakin kogi. Shi kuwa hatsi ya sani. Sai ya dasa shinkafa ɗaiɗai, da tazara, kamar yadda ubansa ke shuka hatsi. Kuma mutumin da ya ga rijiyar garinsu ta ƙafe ba zai iya kallon ruwa kwance a gona ba. Yakan ba ta ta sha, ya toshe, sai ƙasa ta fara tsagewa ya ƙara mata. Maƙwabta sun yi dariya har sun gaji.

Mumuni, shugaban koferatib, ƙungiyar manoman wurin, ya riga ya yanke magana: ranar awo, in amfaninsa bai kai na mutane ba, za a karɓe fegin. Yau ce ranar, kuma kumandan, mai mulkin yankin, da kansa ya zo da sojoji biyu, don kogi ya ja baya, an ce ruwan kowa za a ƙara ragewa.

Aka auna na Halidu. Buhu sha huɗu. Wanda ya bi masa sha ɗaya gare shi. Murna ta cika Halidu har ya ji ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa.

Kumandan ya dube shi. "Wane injiniya ya koya maka wannan?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe," in ji Halidu. "Wallahi ban iya ba ne."

Sojojin suka tuntsire da dariya. Kumandan bai yi ba, ya rubuta wani abu a takarda, ya wuce fegi na gaba.

Mumuni ya tsaya a baya. Shekara ashirin yana noman shinkafa, bana rabin tasa ta ƙone da aka rage ruwa. Ya tsuguna a fegin Halidu ya tuge kututture ɗaya, ya daɗe yana duban saiwar. Sai ya rage murya, yadda maƙwabta ba za su ji ba.

"Malam Halidu, kwana nawa kake barinta da ƙishirwa?"