Injiniya Cike-Rami

Sunana Rauda, amma a yankin Bunkure Injiniya Cike-Rami ake ce mini, kuma ban taɓa jin kunyar sunan ba.

Shekarar da wayar salula ta fara shiga ƙauyuka aka tura ni ofishin ban ruwa, ina sabuwar gama karatu. Ni kaɗai ce mace. Aka ajiye mini teburi kusa da butar shayi, na ja shi zuwa bakin ƙofa na ce aikin fili nake so. Don a huta da bakina, aka ba ni wani ƙaramin kanal, wato hanyar kai ruwa gonaki, da kowa ya gaji da shi.

Ruwa yana shiga bakin kanal ɗin da ƙarfinsa, amma ba ya kaiwa ƙarshe. A ƙarshen kuwa akwai gonar Catherine, wata mutuniyar Filato da ake kira Maman Fortune. Ta dasa tumatir, dashen ya fara sunkuyar da kai. Ta ce mini, "Ƙanwata, in wannan ya ƙone, sai in tattara yarana mu koma gida. Ba ni da wani abu bayansa."

Na saɓa na'urar awo mai ƙafa uku na bi kanal ɗin daga sama har ƙasa. Abin da na gani ya ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi. Duk shekara kafin rani manoma suna yin gayyar yashe kanal, da kiɗa da guɗa, kuma wanda ya fi zurfafa haƙa shi makaɗa ke wasawa. A tsakiyar hanya akwai wata bishiyar mangwaro inda makaɗan ke zama, 'yan mata masu fura na kallo. To a nan samari suka yi ta nuna bajinta, shekara bayan shekara, har wurin ya zama kududdufi. Ruwa in ya iso sai ya baje, ya yi kasala, ya zubar da laka, ciyawar kacala ta tsiro, sauran ruwan kuma ƙasa ta shanye.

Na samu Baballe, shugaban manoman layin, yana gyara bututun roba da suke zuƙo ruwa da shi zuwa gona. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Baba, gindin mangwaron nan cike shi za mu yi, mu matse shi."

Ya dube ni, ya dubi mutanen da ke wurin. "Kun ji? Mu mun ƙarar da ƙuruciyarmu muna haƙawa, ita an aiko ta ta binne. 'Yata, a makarantar ce aka ce miki ƙaramin kwano ya fi babba cin fura?"

Na ce, "Kanal ba kwano ba ne, Baba. Ba ajiye ruwa aka ce ya yi ba, kai shi aka ce ya yi. In ya matse ya bi gangara, ruwan zai yi gudu."

"To Allah ya ba da sa'a, Injiniya Cike-Rami. Ni dai ba zan ce wa kowa ya ɗauki shebur ba."

A ofis na nemi injin daddanna ƙasa, aka ce yana wani aikin. Na nemi lebura, aka ce in rubuto. Ban rubuta ba, don tumatir ba ya jiran takarda. Abu ɗaya na samu, aka yarda a rufe mana ƙofar ruwa na ɗan lokaci.

Ni da Maman Fortune muka fara, kowa da kwanonta na ɗibar ƙasa. Na kafa turaku na ɗaure igiya yadda gangarar za ta tafi, muka yi ta ɗebo jar ƙasa daga tulin da samarin suka jibge a gefe. Tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe. Laka ta cinye mini takalmi ƙafa ɗaya, har yau yana can a binne. Masu babur in sun zo wucewa sai su rage gudu su ce, "Sannu da aiki, Injiniya! In kin gama a zo a cike mana rijiya." Ni kuma in ɗaga hannu in ce, "Ku kawo adireshi." Babata ta aiko daga Dawakin Kudu cewa in dawo gida tun ban zama gawayi ba. Na ce a gaya mata gawayin ma da digirinsa.

Matsalar ita ce ƙasar da ba a danne ba, ruwan farko zai kwashe ta. Ina tsaye ina cizon yatsa sai ga Maharazu, wani makiyayi da ke zaune a bayan gonakin, yana kewayewa da shanunsa can nesa, don kullum korar su ake yi daga bakin kanal. Na dubi kofatan nan, na ƙwala masa kira.

Ya ce, "Malama, cewa kika yi in sa su a ciki? A cikin kanal? Ke ce za ki amsa in an zo."

"Ni ce zan amsa."

Muka riƙa shimfiɗa ƙasa kaɗan, mu yayyafa ruwa, shanu su bi ta kai su dawo, mu ƙara wata. Ba a jima ba sai ga Baballe da gudu, hularsa a hannu. "Shanu a kanal! Ke yarinya, kanki ɗaya kuwa?"

Na tsaya a gabansa da takalmi ƙafa ɗaya. "Baba, injina ke nan. In kana da wani, a kawo."

Ya koma inuwar mangwaro ya zauna yana kallo. Da rana ta yi zafi, shi ne ya fara yi wa shanun tsawa wai suna barin gefe.

Da muka gama gyara gefen kanal ɗin biyu aka buɗe ƙofar ruwa. Na jefa busasshen ganye a ruwan na bi shi da ƙafa. Ya iso gindin mangwaro, ya wuce abinsa ko waiwaye babu. Na bi shi har gonar Maman Fortune. Ta tsoma bututu, ta toshe bakinsa da tafi, ta ja, ruwa ya ɓalle cikin kunyoyin tumatir. Ta zauna daɓas a cikin taɓo tana dariya tana share ido. Layukan da ke can gefe sun riga sun ƙone, amma sauran sun miƙe, ba ta koma Filato ba.

Baballe ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce, "Ina jin yau an ƙaro shi ne daga can bakin kanal."

Na ce, "Ƙila haka ne, Baba."

Ya sa hularsa, ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Ranar gayya ki zo da turakunki da igiyar nan. Ki zauna kusa da makaɗa. Yaran nan in suka ji ganga ba sa jin magana."