Sunan 'Yar Fari

Shekara biyu da rabuwar 'yata Bara'atu da mijinta Zakiyyu, sai a hutun nan ya bar 'yarsu Rumaisa ta zo mana daga Kunci. Kwana uku tak. Shekarunta tara.

Ta zo kamar baƙuwa. Uwarta ta ajiye mata dambu, ta ture kwanon, ta dawo gefena inda nake ɓarar gyaɗa.

Na ce, "Ƙawata, a Kunci an hana dariya ne?"

Ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa kafin ta ce, "Hajiya, Baba ya ce Mama ba ta so na. Ya ce in kasa kunne, ko sau ɗaya ba za ta kira sunana ba. Na kuwa kasa. Tun jiya 'ke', sai 'yarinyar nan'. Ni ba zan ƙara zuwa ba."

Abin takaicin, Zakiyyu bai yi ƙarya ba. Ya san Rumaisa 'yar fari ce, ya san a wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Bai dai gaya wa yarinyar wannan ɓangaren ba.

Na sami uwar a madafa na faɗa mata. Ta ce, "Haba Inna, da wane bakin? Mutane su ce me?"

"Mutanen nan su za su dawo miki da ita?"

"In ta girma za ta gane."

"A gidansa za ta girma."

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ke fa, Inna? Kin taɓa kiran nawa?"

Shekara talatin ina kiran rajista a firamare a Bici, sunan 'ya'yan kowa ya bi ta bakina, ban da nata. Ita ma 'yar fari ce. A takarda kawai nake iyawa.

Na koma tsakar gida, na zauna kusa da jikata. Na ɗaga murya.

"Bara'atu!"

Can ta fito riƙe da kwanon dambun, idonta jawur. Ta durƙusa gaban 'yarta.

"Rumaisa. Ga abincinki."

Yarinyar ta ɗago kai. Ta dubi uwarta, ta dube ni. Sannan ta jawo kwanon gabanta, ta ce, "Sake faɗa."