Robar Gilashin Direba

Motar Baba ta yi wata tara ba ta motsa daga gindin katangar gidanmu ba. Tun ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ta tafi. Sauti ɗaya ya rage masa, "am". Shi ne i, shi ne a'a, shi ne ba ni ruwa. Yayata tana gidan mijinta, Umma kuma tana fita shagon ɗinki tun safe sai yamma lis. Ni da na bar makaranta a aji uku saboda zama wuri ɗaya ba ya yi mini, ni aka bar wa zaman.

Abokaina duk sun watse, wani yana bin babbar mota, wani ya tafi koyon walda. Da farko suna kirana, daga baya ni ke kiransu, daga baya na daina.

Kullum in rana ta yi sanyi nakan tallabo Baba in zaunar da shi a kujerar direba. Ni ke sa masa riga, ni ke ba shi abinci a baki, ni ke kai shi banɗaki. Abu ɗaya ya rage da yake yi da kansa: ya kama mariƙin gilashi da hannun hagu ya murɗa har gilashin ya sauka, ya zauna yana kallon layi. In na kai hannu zan taya shi sai ya make ni.

To, rana ta busar da robar da gilashin ke bi a cikinta. Ya fara ƙara, yana cijewa a rabi. Wata rana Baba ya yi ta fama har gumi ya jiƙa masa wuya. Na duba but ɗin bayan motar na ga wani galan da ragowar baƙin mai, na tsoma tsumma na fara shafawa a cikin robar. Baba ya hau dukan sitiyari.

"Am! Am!"

"Yanzu, Baba, haƙuri. Na kusa gamawa."

Na ƙara labta mata. Ranar gilashi ya sauka sumul, har ina jin kaina wani injiniya.

Bayan sati biyu roba ta kumbura, ta yi danƙo kamar cingam, ƙasa ta manne mata. Gilashi ya kafe a sama. Baba ya murɗa, ya sake murɗawa, sannan ya ajiye hannunsa a cinya. Washegari da na zo ɗaukarsa sai ya juya fuska bango. Kwana huɗu bai yarda ya fita ba, abinci ma cokali biyu ya rufe baki.

Na yago guntun robar na kai wa bakaniken ƙarshen layinmu, tsohon abokin Baba.

"Ɗan direba! Yau an tuna da mu? Ya jikin mutumina?"

"Da sauƙi, Kawu."

Ya karɓi robar, ya matsa ta, ya kai hanci.

"Baƙin mai? A roba? Kai, wa ya aike ka? Soya ta za ka yi?" Ya goge yatsu a wando. "Man inji cin roba yake yi. Ubanka ko giris ba ya yarda a kusantar masa da roba, mun sha faɗa da shi kan haka. Yana ina ka yi wannan aika-aika?"

"Yana zaune a ciki."

"Kuma bai hana ka ba?"

Na buɗe baki zan ce bai ce komai ba, sai na rufe.

Kawu ya dube ni na ɗan lokaci, bai ƙara tsokanata ba. Ya je jikin wata matacciyar mota ya zaro robar ƙofarta, ya haɗa mini da rabin gwangwanin feshin silikon.

"Ka wanke ramin da robar ke zama da ruwan sabulu, ka bari ya bushe ƙarau. Wannan a tsumma ake fesawa, kaɗan, ba wanka za ka yi mata ba. Kada ya taɓa gilashi. Duk wata ka maimaita. Ka ce ina gaishe shi, zan leƙo."

Na san ba zai leƙo ba. Kowa haka yake cewa.

Wuni guda na yi a kan ƙofar nan. Na fizge tsohuwar robar, na bi ramin da tsohon buroshin haƙori, ruwa yana fita baƙi ƙirin. Na wanke gilashin sau uku kafin ya daina santsi. Na danna sabuwar robar da babban yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa, na shafa silikon, na gwada sama da ƙasa ya fi sau goma. Ba mai ce mini sannu, sai rediyon maƙwabta.

Na shiga ɗaki na tsuguna gaban gadon.

"Baba, ashe hana ni kake yi. Ban gane ba."

Bai juyo ba. Na ɗora gwangwanin a kan tafin hagunsa. Ya ɗaga shi kusa da ido, ya daɗe yana duba rubutun, ya girgiza shi a kunne. Sannan ya miƙo mini hannu.

Ya yi sauƙin ɗauka fiye da yadda na saba. Na zaunar da shi, na rufe ƙofa, na ja baya na zuba hannuwa a aljihu.

Gilashin ya taho ba ƙara, ya kai rabi, ya tsaya. Na san wannan karon ba laifin roba ba ne. Ta cikin gilashin ina ganin hannunsa yana fama da mariƙin. Na ƙara cusa nawa cikin aljihu.

Sai da ya huta sau uku kafin gilashin ya ɓace cikin ƙofar. Na zauna a ƙasa na jingina da taya, ina jin numfashinsa a saman kaina har ya daidaita.