Rabin Fuskata

Ban taɓa jin haushin fensir ba sai da Sharifa ta tare a gidan hayarmu na Angwan Iya. Ɗalibar jami'a ce, 'yar firit da ita, amma nan da nan ta kwashe yaran gidan kaf. Da yamma takan shimfiɗa musu tabarma a gindin mangwaro, ta ajiye lemo a tsakiya, ta ce su zana. Gefen da rana ke bugawa a bar shi fari, ɗaya gefen a goga fensir a hankali, a murza da yatsa har duhun ya narke. Wai sa inuwa ke nan.

Ni duk labari nake ji, don girki nake yi a wani gidan abinci a Abuja. Motar farko nake bi, cunkoson Mararaba kuma ba ya sakina sai dare, ko Lahadi ba kullum nake samu ba. In dawo a gajiye, 'yata Zipora ta tare ni da Anti Sharifa ta ce, Anti Sharifa ta yi. Ni da haihuwa, wata da shan yabo. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kishi nake, ba na ɓoyewa.

Ranar wani hutu da ba mu buɗe ba, Zipora ta kawo mini zane biyu tana ta rawar kai. Na farko Sharifa ce, kumatu luwai-luwai, inuwar ta kwanta lafiya. Na biyu wai ni ce: rabin fuska baƙi ƙirin, ido ɗaya na ƙyalli. Na kudurta a raina daga yau ta bar hawa tabarmar nan, na ja hannunta muka fita.

"Sharifa, abin da kike koya mata ke nan? Ke ki fito kamar amarya, ni a mai da ni gindin tukunya?"

"Maman Zipora, wallahi ban sa mata hannu ba," in ji Sharifa. "Cewa kawai na yi ta duba inda haske ke fitowa, ta zana abin da ta gani."

Zipora ta ja mini zani. "Mama, ai haka kike. Anti a rana nake ganinta. Ke kuwa da tocila kike shigowa."

Na sake duba takardar. Ni ce, har ɗaurin ɗankwalina. Na jawo kujerar Sharifa ba tare da na tambaye ta ba, na dasa ta a tsakiyar rana, na zauna.

"To zo ki sake zana ni."

Zipora ta gyara zama, ta ƙura mini ido, ta daɗe fensir bai taɓa takarda ba.

"Mama, ashe kina da tabo a kumatu?"

Man suya ne ya fallatso mini. Tun bara yake nan.