Jinin Ɗan Duma a Cikin Kula

"A sake ɗebo wani," in ji matar lab, wato ɗakin awon jini, ta turo takardar ta ƙasan gilashin taga.

Mai Ƙanƙara ta tsaya da goyonta, baki buɗe. Na uku ke nan fa! Jiya da hantsi an ɗebi jinin ɗanta Ɗan Duma, yau da sassafe an sake ɗiba, yanzu ko azahar ba a yi ba wai a ƙara. Yaro ɗan wata tara, jinin nawa ne a jikinsa gaba ɗaya?

"Anti, wanda na kawo ɗazu fa?"

"Bai yi ba."

"Kamar yaya bai yi ba? Jini ne fa, ba madara ba ce balle a ce ta tsinke."

Matar lab ta sauke tabarau kan hanci, ta ƙare mata kallo. Doguwa ce, siririya, farar riga har gwiwa, ga safar hannu. Tun jiya ba wanda ya ga haƙorinta. Ta ɗaga 'yar kwalbar jinin ɗazu, ta shafa takardar da aka liƙa a jiki. Rubutun ya ɗan jiƙe, tawadar ta zuba.

"Ke kika kawo shi da hannunki?"

"Ni na kawo."

"Daga wurin nas nan kika yo?"

"To ina zan je? Layi ne dai ya yi tsawo, na jira ya ragu."

"Hmm," in ji matar. 

A waje, gindin bishiyar bakin get, Inna uwar mijinta na zaune kan benci tana gadin kula, akwatin nan mai riƙe sanyi. Kular nan ita ce sana'ar Mai Ƙanƙara: ruwan leda mai sanyi da ƙanƙara take sayarwa, ko asibiti za ta zo ba ta barinta a gida, ai masu jinya ma suna jin ƙishi. Inna na jin an ce a sake, ta dafe ƙirji.

"Na uku? Ke 'yar nan, ko sauro in ya sha ya ƙoshi tashi yake. Kin leƙa firij ɗin bayanta? Na gani da ta buɗe, kwalabe ne jere reras, duk jinin mutane. Me take yi da su?"

"Awo, Inna."

"Awo! Jinin jariri tsada gare shi, kowa ya sani. Ba ki ga yadda take shafa kwalbar ba, kamar mai taya kaya a kasuwa? Ɗauki kularki mu kama bas. Yaron da ya cinye ayaba guda da safe shi ne ba lafiya?"

Gaskiyar Inna ta nan wajen. Makon jiya Ɗan Duma ya yi gudawa da amai, ya warke sarai, kumatun nan da suka jawo masa sunan har sun dawo. Likita ne ya ce a auna gishirin jikinsa don a tabbata. Shi ke nan sakamako ya fito, likita ya duba, ya gyara zama. Wai akwai wani gishiri a jini, fotasiyam, na yaron ya hau sosai. In ya yi yawa haka yana iya tsayar da zuciya, kuma galibi ƙoda ce ke jawo shi. Yana faɗa Ɗan Duma na jan igiyar abin sauraron ƙirji da ke wuyansa, yana ƙyalƙyala dariya. Na safiyar yau kuma ya fi na jiya hawa. Likita ya ce in na uku ya fito haka, yau ɗin nan za a sa su a motar asibiti zuwa babban asibiti, wajen masu ƙoda.

Ƙoda. Zuciya. Tun da ta ji kalmomin nan hannunta bai bar ƙirjin yaron ba.

"Inna, in muka tafi kuma gaskiya ce fa?"

"In kuma ƙarya ce, sun tsotse min jika fa?"

Mai Ƙanƙara ta ci gaba da jijjiga goyo. Ita ba sayarwa take zargi ba. Musanya take zargi. Kwalabe sun fi ɗari a tagar can, duk iri ɗaya, duk jan jini. Wa ya sani ko na wani tsoho mai ciwon ƙoda ake aunawa a rubuta wa ɗanta? Shi ya sa matar take ta tambayoyi, tana neman wanda za ta ɗora wa laifi. Ita Mai Ƙanƙara fa ta kai aji uku a sakandare, ba za a yi mata wayo ba.

Ta tsinko jan zare daga bakin gyalenta.

"Zan bari a ɗiba. Amma wannan karon sai na yi masa alama, kuma a gabana za a auna."

A ɗakin ɗibar jini nas ta ga sun dawo, ta yi tsaki.

"Ita dai waccan ta lab ba ta da aiki sai dawo min da mutane. Jiya har aike ta yi min wai na matse hannun yaro da yawa. Shekarata goma sha ɗaya ina ɗibar jini! Kawo shi, uwar ɗa. Riƙe ƙafafun."

Ɗan Duma ya tsala ihu, uwar ma sai da ta share ido. Nas ta liƙa takarda, ta miƙo kwalbar da ɗuminta. Mai Ƙanƙara ta ɗaura jan zaren a wuyan kwalbar, ƙulli uku. Ta leƙa tagar lab: layi har ya zagaya kwana, ga rana ta take. Sai ta nufi gindin bishiya kamar jiya, kamar ɗazu.

Ai ita ta san zafi. Duk abin da ka bari a rana lalacewa yake, nama ne, madara ce, magani ne. Balle jini, jinin ɗanta. Inna ta ɗaga mata murfin kula, ita kuma ta janye ledojin ruwa. Can ƙasa manyan ƙanƙara biyu suke, masu tauri kamar dutse, waɗanda suka kwana biyu a firiza. Ta buɗa tsakaninsu, ta cusa kwalbar.

"Yauwa," in ji Inna. "Ko ba komai ba za su ce mun kawo musu ruɓaɓɓe ba."

Caraf aka riƙe wa Mai Ƙanƙara wuyan hannu.

Safar hannu ce. Matar lab ce tsaye a kanta, tana haki, ashe tun daga ƙofar nas take biye da ita.

"Na kama ɓarawon," ta ce, ta zare kwalbar daga cikin ƙanƙara ta dunƙule a tafin hannunta.

"Wane ɓarawo?" Inna ta miƙe, gyale na zamewa. "Jama'a ku zo ku gani! Har waje take biyo jini!"

"Mama, zauna. Ke, jiya ma nan kika sa?"

"Eh mana. Don kar ya lalace."

"Na tsawon wane lokaci?"

"Jiya dai... har na sayar da rabin kula. Yau kuma ya fi haka, don layin ya fi."

Matar lab ta rufe ido, ta buɗe. Sai ga haƙora! Dariya take, har da dafa bishiya.

"Kwana biyu ina zargin nas, ina zargin injina, har na fara zargin idona. Ashe kula ce. Taho da yaron. Mama, ke yi gadin sana'a."

Mai Ƙanƙara ta bi ta, amma idonta na kan jan zaren. Dariya ba hujja ba ce.

Cikin lab sanyi, ga warin magani, ga injuna na ƙugi ƙasa-ƙasa. Matar ta saka kwalbar cikin wani inji mai kama da tukunya, ta sa wata kwalbar ruwa a ɗaya gefen don nauyi ya daidaita, ta rufe. Ya hau juyawa, fiii, kamar zai tashi sama.

"Kin taɓa cika kwalba da ruwa kika manta da ita a firiza?"

"Sau nawa! Fashewa take."

"To jini ba ruwa ba ne zalla. Zo ki gani."

Ta ɗiga wani jini kan ɗan gilashi, ta shafe shi siriri, ta tura ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Mai Ƙanƙara ta kanne ido ɗaya ta leƙa. Da fari haske kawai. Matar ta murɗa wani abu a gefe, sai ga su. Wayyo Allah! Ƙananan abubuwa zagaye-zagaye, birjik, sun fi a ƙirga, kowanne da ɗan lotsawa a tsakiya.

"Duk wannan a ɗigo ɗaya?"

"A ƙasa da ɗigo. Kowace ƙwaya kamar ledar ruwanki take, da fatarta. A jikin fatar akwai 'yan ƙofofi da masu gadi, aikinsu ke nan ba hutu: su tura gishirin miya waje, su jawo fotasiyam ciki. Shi ya sa yawancinsa a cikin ledar yake, kaɗan ne a ruwan jini. Mu kuma na ruwan muke aunawa. In sanyi ya yi yawa masu gadin nan sai su yi barci, ya dinga sulalowa waje. In kuma ya kai ga daskarewa, ledar ce ke fashewa ɗungurungum. Injina ba shi da wayo, abin da ya tarar shi yake ƙirgawa."

Injin ya tsaya. Ta fito da kwalbar, jan zaren na nan da ƙullinsa uku. Jinin ya rabu biyu: ja ya kwanta a ƙasa, sama kuma ruwa garau, ɗan rawaya-rawaya. Ta ɗauko kwalbar safe ta jera su. Ruwan saman waccan ja-ja ne, kamar an wanke nama a ciki.

Mai Ƙanƙara ta kalli wannan, ta kalli waccan. 

"Anti... ni na jawo aka huda shi sau uku ke nan?"

"Ke da wadda ta miƙa miki kwalba ba ta ce miki komai ba. Kar ki yi min kuka a nan, ba a gama ba. Sai inji ya faɗa tukun."

Matar ta ɗebi ruwan saman kwalbar ta saka a wani injin na awo. Jiran nan ya fi na layi tsawo. Mai Ƙanƙara ta zauna kan kujera mai juyawa tana ba Ɗan Duma nono, tafin hannunta a ƙirjinsa, tana jin dif-dif-dif. Don kar ta kalli injin sai ta kalli bango. Wani babban hoto ne a liƙe, ƙwaya guda an tsaga ta, cikinta tarkace kala-kala. Akwai wasu masu kama da wake, da layi a nannaɗe a cikinsu.

"Waɗannan waken fa?"

"Maitokondiriya."

"Mai me?"

"Ce murhu kawai. Nan ake ƙona abin da aka ci ya zama ƙarfi. Jajayen da kika gani ɗazu ba su da shi, amma naman jiki, zuciya, ƙoda, ƙwaƙwalwa, duk cike suke da shi. Wannan harbin da yaronki yake yi da ƙafa, daga nan ne." Ta ɗan kalle ta ta saman tabarau. "Kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa. Uba ba ya ba da ko ɗaya."

Mai Ƙanƙara ta daina jijjiga.

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Naki ne. Ke ma na mahaifiyarki ne, ita ma na tata."

Wata tara! Wata tara tana jin hancin ubansa ne, goshin kakansa ne, kunnen gidansu ne, ke 'yar nan ɗaukar ciki kawai kika yi. Ta zaro waya ta ɗauki hoton waken nan har sau huɗu.

Injin ya yi ƙara, ya turo 'yar takarda. Matar lab ta yage, ta duba, ta ɗauki biro ta ja layi. Sannan ta miƙo.

"Huɗu da ɗigo uku. Daidai yake, kamar na kowane lafiyayyen yaro. Kai wa likita. In an sake ba ki jini, a hannu za ki riƙe, ki zo ki ƙwanƙwasa min taga."

Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ji labarin kula, ya rufe fuska da fayil yana girgiza. Ya soke takardar babban asibiti da biro, ya ce su je gida.

Kafin su tafi Mai Ƙanƙara ta zaɓo ledar ruwa biyu mafi sanyi ta kai tagar lab. Matar ta karɓa ta ce wannan kam an yarda ya sha ƙanƙara.

A cikin bas Inna ta karɓi Ɗan Duma ta ɗora a cinya, ta juya wajen matar da ke gefenta.

"Sai da na ɗaga musu murya fa suka fito da sakamakon gaskiya. Ni dama na sani. Jinin gidanmu ba ya ciwo. Dubi ƙirjin nan, ubansa sak."

Ba ta ambaci kula ba. Mai Ƙanƙara ma, da kular ke tsakanin ƙafafunta, ba ta ambata ba. Ta dai danna lambar mahaifiyarta, ta kara waya a kunne.

"Umma? Umma, lafiyarsa lau! Wallahi lau, ba inda za a kai mu. Tsaya, ba shi ne labarin ba. Kin san murhunki yana jikin Ɗan Duma? Naki fa, da na Kaka. Na ɗauko hoto, yanzu zan turo miki."

Inna ta katse hirarta, ta juyo a hankali. Ta kalli surukarta, ta kalli yaron, ta ɗaga rigarsa ta leƙa cikinsa.

"Wane murhu kuma?" ta ce. "Me matar nan ta sa masa?"