Yadda Aka Manna Baba a Gonar Wani

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Aji huɗu na yi, kuma ko a gida ba a cika jin muryata ba. Amma abin ya tsaya mini a wuya.

Lokacin tsintar auduga wasu mutum uku suka zo ƙauyenmu da kamara mai ƙafa uku, suka ce ɗan gajeren fim za su yi a kan noma. Babana, Malam Gado, ya shimfiɗa musu tabarma a bakin hawasharmu, gonar da ya shekara goma sha tara yana riƙe da ita. Ni na dafa shayi.

Mai kamarar ya ce, "Ya Hajj, kwanta a gindin itacen nan ka yi hamma. Minti ɗaya kawai, bas."

Baba bai taɓa ce wa baƙon da ke kan tabarmarsa a'a ba. Ya kwanta, ya yi hamma har sau uku, don ta farko ba ta yi musu ba.

Bayan wata bakwai motar sinima ta zo. Da aka idar da magariba aka haska bangon makaranta. Mufattish, wanda ke ba da hawasha ya kuma karɓe ta, yana kan kujera a gaba.

Sai ga Baba yana hamma. Nan take hoton ya koma kan wata gona, ruwa ya ɓalle, ciyawa ta shaƙe shuka. Hoton ya dawo kan Baba. Wata murya ta ce da Larabci, "Wannan shi ne malalacin manomi."

Fili ya ɗauki dariya.

"Gado, ashe barci kake nomawa!" in ji Maliki maƙwabcinmu.

A cikin hoton, a bayan Baba auduga ta fashe fari fat. A ɗaya gonar kuwa shuka ba ta kai gwiwa ba. Wata huɗu ke tsakaninsu! Duk wanda ke filin nan manomi ne, amma ba wanda ya duba gonar. Hamma suke kallo.

Da aka tashi, mufattish ya ce Baba ya same shi a ofis ran Asabar.

Ban san lokacin da na isa gaban mai injin sinimar ba. Na ce, "Wannan ba gonarmu ba ce."

Ya jawo zaren fim ɗin, ya ɗaga shi a fitila, ya nuna mini wani ɗan tabo. "Ga inda aka yanka aka manna. Haka ake haɗa fim, ya bitti, 'yata. Ni haskawa kawai nake yi."

"To ka cire."

"Ma'alesh, yi haƙuri. Gobe ma a garin Hajj Abdalla za mu nuna."

Can ne dangin mahaifiyata suke.

A hanyar gida Baba ya ce, "Bar shi, Talatu. Baƙi ne, ba su sani ba."

"Sun sani, Baba. Sun ga audugarka, sun sha shayinka."



Da safe ban ɗora tukunya ba. Na ɗauki mayafina na hau lorin farko mai zuwa Hajj Abdalla. Na sami bangon da za su haska, na zauna a gindinsa, ina ta maimaita abin da zan faɗa da ƙarfi idan hoton ya yanke.