Na'urar Rediyon Tibiri

Karo na huɗu ke nan aikin yana tsayawa. Rubutun da ke gudu a allon na'ura ya yi cak, ya bar layi guda na kuskure, Tsahara ta bi shi da harara kamar ya zage ta.

Gidan rediyon manoma na Tibiri na'ura ɗaya gare shi, tsohuwa tukuf, sababbin manhajoji ba sa ma gane kayan sautinta. Shi ya sa Tsahara, wadda aka ɗauka gwaji wata biyu da suka wuce, ta ce za ta haɗa mata Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, daga asalin rubutunsa, ta yanka shi daidai jikinta. Ga zaɓe saura kwana biyar, soja sun ce za su miƙa mulki, gobe kuma jam'iyyu za su zo a naɗi saƙonninsu.

Mushe Barnaba, shugaban rediyon, ya leƙo yana share gumi.

"Tsahara, in la'asar ta yi bai tashi ba, zan kira wani gwani daga Yamai. Kin san kwamiti ma'aikaci ɗaya ya amince da shi."

Ta sani sarai. In na Yamai ya zo, ita sai gida.

Ta jawo takardar da take rubuta kurakuran, ta jera su. Na farko a wani fayil ya faru, na biyu a wani daban, haka na uku da na huɗu. To, in rubutu ne ya lalace, ai a wuri ɗaya zai riƙa tuntuɓe kullum. Wannan kuwa yawo yake yi. Ta duba lokutan: da sassafe ya yi awa guda kafin ya faɗi, yanzu da rana ta take ko minti goma bai kai ba. Ta ɗora tafin hannu a bayan na'urar, ta janye da sauri.

"Mushe, rubutun lafiyarsa lau. Zafi ne ke rikita ta."

"Zafi? Mu da ko na'urar sanyaya ɗaki ba mu da ita?"

Baba Jibo mai gadi, wanda ya yi shekara talatin yana noman rani a Jiratawa, yana bakin ƙofa yana jin su.

"Ɗiyata, in zafi ne kawai, ai da sauƙi. Ganyen salati muke kawowa kasuwar Maraɗi da tsakar rana, bai taɓa yaushi ba."

Ya ɗauko buhunan algarara biyu, ya tsoma a randa, ya matse. Tsahara ta kwance murfin na'urar, ta hure ƙurar ciki, suka rataya buhunan a igiya, fanka a bayansu, na'ura a gaba nesa da ɗigon ruwa. Mushe Barnaba ya kalli biro, wato ofishin, ya ga ya koma kamar rumfar 'yan gwari, ya girgiza kai ya fita.

Ta sake tayar da aikin. Minti goma, ashirin, awa guda. Buhu na bushewa Baba Jibo na yayyafa ruwa, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Ana kiran la'asar rubutun ya tsaya, babu kuskure ko ɗaya. Ta kashe na'urar ta kunna, ta ɗauki makirfo ta ce, "Salamu alaikum." Muryarta ta dawo tar daga lasifika. Daɗi ya kama ta.

Mushe Barnaba ya shigo da salula a hannu, lambar Yamai a buɗe. Ya sunkuya yana duba allon, sai yatsansa ya tsaya a kan wani layi. A tsakiyar baƙin rubutun an sa tsahara, da kwanan wata da lokaci.

"Wa ya sa sunanki a nan?"

"Na'urar ce ta sa, Mushe. Duk wanda ya haɗa Linux ɗin, sunansa yake ɗauka."

Ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya mayar da salular aljihu, ya ciro mabuɗin biro daga cikin nasa, ya ajiye a gabanta.

"Ƙarfe bakwai jam'iyyu za su fara zuwa. Ke za ki buɗe."